Taron tsofaffin ɗalibai: zumunta ce ko baje kolin arziki?

Sakataren Aji: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Akwai wata magana da take ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo ta nan inda akwai manya da ƙanana. Mu da muka gama tare a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, muna shirin haɗuwar cika shekara 40. Tun ranar da kwamiti ya yanke cewa kowa zai biya naira dubu 100, zauren ajinmu na WhatsApp ya yi tsit. Mu 63 ne a ciki, waɗanda suka biya ba su kai 20 ba. Jiya na kira wani abokina da muka yi shekara uku a ɗaki ɗaya a gidan kwanan ɗalibai na Suleiman, yanzu yana zaune a Rigasa. Ya ce mini in ƙyale shi da wannan taro namu na Turawa, wanda ba a zuwa sai da sabuwar mota. Wallahi maganar ta hana ni barci. Wannan mutumin shi ya yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni ana gab da jarrabawa. Shin da gaske al'adar nan aro ce da ba ta dace da mu ba? Ko mu ne muka ɓata ta?

Ɗan Kongo: Wa alaikumus salam. Yaya, dubu 100 a wannan yanayi? Mutumin da yake jiran fansho fa?

Sakataren Aji: Kuɗin zaure ne da abinci da yadin anko da ɗan littafin tarihin aji. Ni ma na ce ya yi yawa, amma aka rinjaye ni.

Malamin Tarihi: Sakatare, abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya faɗa. Tsarin da muke bi, wato ƙungiya mai shugaba da sakatare da ma'aji, a riƙa haɗuwa duk shekara biyar ko goma, daga Amurka ya fito. A da can, a manyan kwalejojinsu irin su Harvard da Yale, wanda ya gama digirin farko yakan koma bayan shekara uku a ba shi digiri na biyu ranar bikin yaye ɗalibai. Da yake 'yan aji ɗaya duk lokaci guda suke komawa, sai ranar ta zama ranar ganin juna. Daga nan abin ya samo tushe.

Ƙungiya ta farko da aka kafa da suna da tsari ita ce ta Kwalejin Williams a jihar Massachusetts, a 1821. Kuma ku lura da dalilin kafa ta, don shi ne ya fi ba ni sha'awa. Makarantar ce ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, shugabanta ya tashi da wasu ɗalibai suka koma Amherst, ana ganin rufe ta za a yi. Sai tsofaffin ɗalibanta suka taru don su tsayar da ita. Ba liyafa ce ta tara su ba. Princeton ta kafa tata a 1826, kuma James Madison, wanda ya yi shugabancin Amurka, shi aka fara naɗawa shugabanta. Bikin da suke kira na komawa gida, wanda ake haɗawa da wasan ƙwallonsu, ya zo daga baya: Jami'ar Missouri ta gayyaci tsofaffin ɗalibanta a 1911 su zo su ga karawarta da Kansas, wasu jami'o'in kamar Illinois da Baylor su ma suna cewa su suka riga. A Ingila kuma kwalejojin Oxford suna da tasu tsohuwar liyafar dare da suke kiran tsofaffin ɗalibai rukuni-rukuni bisa shekarar shigarsu.

Ita kanta kalmar da Turawa suke kiran tsohon ɗalibi da ita, wato alumnus, daga Latin take, ma'anarta ɗan riƙo, wanda aka shayar aka raina. Makarantar kuma uwa mai shayarwa suke ce mata. To wanne Bahaushe ne zai ce komawa gaida uwar riƙo baƙon abu ne?

Ustaz na Tudun Wada: Malam ya kai inda nake son zuwa. Tun kafin boko ya shigo, almajirin da ya sauke ya koma garinsu ba ya yanke ƙafa da tsangayar da ta raine shi. Da sallah ko bayan girbi zai ɗauko dami ko zakara ya kai wa malaminsa. A nan zai tarar da waɗanda suka yi tilawa tare a bakin wuta ɗaya, a gaisa, a tambayi wane da wane, a yi wa waɗanda suka rigaye mu addu'a. Ba kati, ba kuɗin shiga. Mai dami ya kawo, marar dami ya zo da ƙafarsa, kuma malam ba ya bambanta su wajen zama. Abin da nake tsoro a irin tarukanmu na yanzu shi ne hadisin nan na Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ba mu ce wa kowa kada ya zo ba, gaskiya ne. Amma idan ka sa dubu 100 a bakin ƙofa, ai ka riga ka zaɓi waɗanda za su shiga.

Tsohon Ɗan Barewa: Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in ƙara, domin tarihin wannan abu a Arewa a garin nan namu na Kaduna yake. Makarantarmu an buɗe ta a Katsina a 1921, aka dawo da ita Kaduna a 1938, sannan ta koma Zariya a 1949, sunan Barewa kuma sai a 1971 ya tabbata. A zamanta na Kaduna ne, a 1939, tsofaffin ɗalibanta suka kafa ƙungiya. Ku duba lokacin. Babu jami'a ko ɗaya a Najeriya, don ta Ibadan sai 1948, tamu ta Zariya sai 4 ga Oktoba 1962. 'Yan bokon Arewa kaɗan ne, a warwatse suke cikin larduna, wannan malamin midil a Bauci, wancan akawun En'e a Sakkwato. Wurin da za su zauna su yi magana a kan halin ƙasarsu babu, sai wannan ƙungiya. Kusan shekara goma ke nan kafin a kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Makarantar da ta fitar da Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, ka ga haɗuwar ɗalibanta ba ƙaramin abu ba ne.

Amma al'adar da na fi so a wurinmu ita ce ta lamba. Duk wanda ya shiga makarantar yana da lambarsa, a jere tun daga ɗalibin farko. In an haɗu, lamba ake tambaya. Wanda lambarsa ta fi taka ƙanƙanta yayanka ne, ko da kai minista ne shi kuwa malamin firamare ne mai ritaya. Na ga babban mutum ya tashi ya ba tsoho kujera saboda wannan kawai. Sojojin da suka fito daga makarantar horar da hafsoshi ta NDA ma haka suke da lambar kwas ɗinsu tun daga 1964. Jami'a ba ta da irin wannan ma'auni, shi ya sa kuɗi da muƙami suke shigowa su cike gurbin.

Ɗan Kongo: Baba, wannan magana ta ƙarshe ita ce. A taron da na je bara an yi babban teburi a sama, an jera masu muƙami, mai gabatarwa ya shafe kusan awa ɗaya yana kiran sarautu da digirori. Mu da muka ci wake da shinkafa a faranti ɗaya! Wani da ya fi mu duka ƙoƙari a aji yana can baya kusa da ƙofa, ko sunansa ba a ambata ba. Kafin a kawo abinci ya sulale. Na bi shi waje, na tarar yana jiran Keke Napep. Ya ce mini ya zo ganin mutane ne kuma ya gan su. Har yau in na tuna fuskarsa raina yana ɓaci.

Hajiya ta Unguwar Dosa: Sannunku da ƙoƙari. Duk maza ne kuke ta magana, bari mu ma a ji namu. A zamaninmu mata a aji ba su da yawa, a sashenmu mu bakwai ne. Da aka gama, aure ya raba mu. Wata Maiduguri, wata Jos, wata Ikko. Sunaye suka canza, babu waya, wasiƙa ce in an dace. Na yi shekara 26 ban san inda ƙawata ta gidan kwanan ɗalibai mata na Amina take ba, sai da aka buɗe zauren aji wani ya sako lambarta. Ranar da muka haɗu a taro mun rungume juna muna kuka kamar yara. Don haka duk wanda zai ce mini taron nan ba shi da amfani, ba zan yarda ba.

Amma ina da ƙorafi biyu. Na farko, lokaci. In kun sa liyafa ƙarfe takwas na dare a otal, da yawanmu ba za mu zo ba, mazajenmu ba za su so ba, mu ma ba ma so. A yi da rana, a tashi kafin magariba, a ware wurin salla, kuma a rubuta a katin cewa mutum ya zo da iyalinsa. Na biyu, anko. Ni ba na ƙin anko, yana da kyau a hoto, kuma asalinsa don a daidaita mutane ne, mai shi da marar shi su fito iri ɗaya. To amma in aka zaɓi leshi ko shadda mai tsada, an juya manufar ke nan. Atamfa mai sauƙi daga kasuwar Sheikh Gumi ta isa.

Malamin Tarihi: Hajiya, anko ɗin ma ba mu kaɗai ba ne. A Princeton kowane aji yana da rigarsa mai launin lemo da baƙi, su yi jerin gwano a harabar makaranta aji bayan aji, kuma tsohon da ya fi kowa daɗewa da gamawa a cikin waɗanda suka halarta shi ake miƙa wa sanda mai kan azurfa. Shekaru suke girmamawa a ranar.

Baba na Barnawa: Salama gare ku duka. Ina karantawa tun ɗazu, na ce sai na yi magana, don akwai abin da ya shafi Kaduna musamman wanda ba a taɓo ba. Ni Kirista ne daga kudancin jihar nan. A Samaru ɗakinmu mu huɗu ne: ni, da Bakano, da Banufe, da wani ɗan Benuwai. In azumi ya zo ni nake tashin su sahur, don na fi su saurin farkawa. In Kirsimeti ya zo su suke raka ni tasha. Da muka fara aiki a Kaduna gidana yana Unguwar Sarki, muna shiga gidajen juna, matanmu sun san juna.

Sai rikicin Fabrairun 2000 ya zo, sai na Nuwamban 2002. Kun san abin da ya faru, ba sai na maimaita ba. Na kwashe iyalina na tsallake gadar kogin Kaduna zuwa kudancin gari, wasunku da ke Kakuri da Television kuka tsallaka arewaci. Ba mu yi faɗa da juna ba, amma ƙafa ta ɗauke. 'Ya'yana sun girma ba su san ko ɗaya daga cikin 'ya'yan abokaina ba. Ƙaramin ɗana ya taɓa tambayata wai da gaske na taɓa kwana ɗaki ɗaya da Musulmi. Ran nan na san mun yi asara babba.

A garin nan yanzu ku ƙirga mini wuraren da mutumin Kawo da mutumin Sabon Tasha suke zama da son ransu, ba don aiki ko kasuwa ba. Kaɗan ne, kuma taron tsofaffin ɗalibai yana cikinsu. A wanda muka yi na ƙarshe an buɗe da addu'ar Musulunci an rufe da ta Kirista, aka karanta sunayen mamatanmu gaba ɗaya a jeri guda. Ina roƙonku kada ku bar maganar kuɗi ta kashe wannan. Kuma ku zo da 'ya'yanku, su suka fi mu bukata.

Hajiya ta Unguwar Dosa: Allah sarki Baba. Wallahi ka sa ni hawaye.

Ustaz na Tudun Wada: Gaskiya ka faɗa, maƙwabci. Haƙƙin zaman tare ba ya faɗuwa don an canza unguwa.

Autan Zaure: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni KASU na yi, jami'ar jihar Kaduna da aka kafa a 2004, don haka ko mafi tsufa a cikinmu bai kai ku ba. Abin da nake gani daga ƙasa shi ne, ku kuna da abin tunawa. Kuna ba da labarin tikitin abinci da kaza ranar Lahadi, da yadda ma'aikatu suke zuwa har makaranta neman ma'aikata kafin a tafi bautar ƙasa. Mu da yawanmu daga gida muke zuwa lacca mu koma, ga yajin aiki, na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka a jami'o'in tarayya. In an kira taro a cikinmu, tambayar farko ita ce wa zai zo da zai iya sama wa mutum aiki. Ba na jin kunyar faɗin haka, halin da muke ciki ke nan. Roƙona shi ne in kun taru kada ku tsaya a kan tuna baya. Ku ware awa ɗaya ku zauna da ɗaliban sashenku na yanzu. Wani ko yadda ake rubuta takardar neman aiki bai taɓa samun wanda zai nuna masa ba.

Injiniya: Auta ya yi magana. Ni Kadpoly na fara kafin in wuce Zariya, kuma makarantar nan tun 1956 take, ta zama kwalejin fasaha a 1968, ku duba yawan mutanen da ta yaye. Da kowane aji zai ɗauki abu ɗaya tak, rijiyar burtsatse ko gyaran ɗakin gwaji ko kuɗin rajistar yara goma, da an ga canji. Abin da ya riƙe jami'o'in Amurka ke nan. Yale ta kafa asusun tsofaffin ɗalibai tun 1890, kuma al'ada ce a can ajin da ya cika shekara 25 ko 50 ya haɗa kyauta mai tsoka ya ba makaranta. Dukiyar da Harvard take juyawa ta haura dala biliyan 50. Ban ce za mu kamo su ba. Su makarantunsu masu zaman kansu ne, dole ta sa suka koyi roƙon 'ya'yansu. Mu kuwa gwamnati ce ta ɗauki nauyinmu, har muka saba da cewa gyara aikinta ne. Amma mu da muka yi karatu kusan kyauta, bashi ne a kanmu.

Sai dai a faɗi gaskiya, abin da ke hana mutane bayarwa ba rowa kaɗai ba ce. A wata ƙungiya da nake ciki mun tara kuɗi don gyaran wani gini, aka zuba a asusun mutum ɗaya, shekara uku ba bayani, in ka tambaya a ce ka raina manya. Tun daga nan ko sisi ba na bayarwa sai na ga asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, da rahoto a rubuce duk wata shida.

Ɗan Kongo: Injiniya, na yarda da batun asusu, amma ina jin tsoron kada a mai da taron gidauniya zalla. In aka ce za a yi ƙaddamarwa, a kira mutum a lasifika ya faɗi abin da ya bayar, to mun koma gidan jiya. Mai dubu biyar ba zai iya tashi bayan mai miliyan biyar ba.

Injiniya: Ba a lasifika ba. Kowa ya tura a ɓoye, ma'aji ya faɗi jimla kawai.

Malamin Tarihi: Kuma in za a ba da wani abu, a fara da na cikin gida. Kowane aji da ya kai shekara 40 yana da marayu da zawarawa da masu jinya. Akwai kuma malamanmu da suka tsufa, wasu suna nan Zariya da Kaduna, fanshonsu ba ya kai su ƙarshen wata. Ni a ganina a je a gaida malami ɗaya a gidansa ya fi a buga masa allon yabo a kai masa otal. Wani abu kuma, Sakatare, tunda kuna buga littafin aji: ku rubuta abin da kuka gani da idonku. Waɗanda suka riga ku sun ga Afrilun 1978, lokacin da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ya tayar da ɗaliban ƙasar nan har aka rasa rayuka a Samaru, na bayanku sun ga irin haka a Mayun 1986. Masu wannan labari suna ƙarewa. Ku kai kwafi Gidan Arewa da ke titin Rabah, ai don adana irin wannan aka kafa shi a 1970, kuma na jami'arku ne.

Tsohon Ɗan Barewa: Shawarata a kan wuri: ku bar otal. Ku koma Samaru. Tafiyar kilomita 80 ce, ku ɗauki bas biyu daga Kawo ku tafi tare, kowa ya bar motarsa a gida. A cikin bas babu babban teburi. Ku zaga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ku leƙa ɗakunan kwananku, ku gangara dam, ku ci abinci a ƙarƙashin bishiya.

Baba na Barnawa: In haka ne bas ɗaya ya taso daga wajenmu ya tsallako gada, mu haɗu a Kawo a cakuɗa. Kada a ce wannan motar 'yan kudu ce waccan ta 'yan arewa.

Hajiya ta Unguwar Dosa: Abinci ku bar mana. Mu bakwai ne, yanzu saura biyar, Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi. Za mu iya haɗa masa da miyar taushe da dambu da zoɓo, kuɗinsa ba zai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da otal zai caje ku ba.

Sakataren Aji: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwafe duk abin da kuka rubuta zan kai wa kwamiti ranar Laraba. Abin da zan tsaya a kai shi ne a cire kuɗin shiga gaba ɗaya, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa ba tare da an bayyana suna ba, waɗanda suka riga suka biya dubu 100 a nemi izininsu a bar shi a asusu. Na san akwai mutum biyu a kwamitin da ba za su so a bar otal ba, don sun riga sun gayyaci manyan baƙi. Baba na Barewa, in sun ƙi ji zan roƙe ka ka yi musu magana, suna jin nauyinka.

Tsohon Ɗan Barewa: Ka turo mini lambobinsu.

Ustaz na Tudun Wada: Shi abokin naka na Rigasa fa? Kada ka aika masa saƙo a waya. Zumunta a ƙafa take.

Sakataren Aji: Haka ne Ustaz. Shekara shida rabona da gidansa, kuma gari ɗaya muke. Asabar bayan la'asar zan je in sha Allahu.

Baba na Barnawa: In wanda nake zato ne, mai gadon da ke kusa da taga a hawa na biyu, na san shi. Ka biyo ta Barnawa ka ɗauke ni, ko in same ka a shataletalen Leventis ƙarfe huɗu da rabi.